Tambayoyin Masu Karatu: Su Wane ne Bani Isra'ila, Su Wane ne Yahudawa?

A wannan wata wasiƙu huɗu suka zo a kan magana guda, saboda haka filin ya zama nasu gaba ɗaya. Na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam, a watan azumin da ya wuce, bayan an tashi daga tafsiri, gardama ta ɓarke a majalisarmu da ke kusa da Kasuwar Wunti. Wani dattijo ya ce Bani Isra'ila da Yahudawa abu ɗaya ne, suna ne kawai biyu, wani matashi kuma ya ce Bani Isra'ila sun ƙare tun zamanin annabawa. Har aka kira sallar Magariba ba a rabu ba. Wane ne yake da gaskiya? Daga wani malamin sakandare, Bauchi.

AMSA: Malam, kowannensu ya kama wani sashe na maganar ya saki sauran, domin sunayen nan biyu ba a rana ɗaya aka haife su ba, kuma tsakaninsu akwai ɗaruruwan shekaru na yaƙi da rabuwa da kora.

Isra'ila sunan mutum ne tun farko, wato Annabi Yakubu ɗan Ishaƙu ɗan Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare su, kuma Musulmi da Kirista da Yahudawa duk sun haɗu a kan wannan. Bani Isra'ila su ne zuriyar 'ya'yansa goma sha biyu. Mutumin Bauchi ba zai yi mamakin sunan mutum ya koma sunan jama'a ko na wuri ba, tunda garin da kuke zaune a ciki, wanda Malam Yakubu ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, Turawan farko Yakoba suka riƙa rubuta shi a taswirarsu. Ɗaya daga cikin 'ya'yan nan goma sha biyu shi ne Yahuda, wanda Littafi Mai Tsarki na Hausa yake kira Yahuza, kuma daga gidansa Annabi Dawuda da Annabi Sulaiman suka fito. Annabi Musa da Annabi Haruna kuwa 'yan gidan Lawi ne, Ɗalutu ɗan gidan Binyaminu ne, Annabi Yusufu shi ma da nasa gidan. Ka ga ke nan a wancan zamani Yahuda ɗaki guda ne a cikin babban gida.

Rubutu mafi tsufa a wajen littattafan addini da ya ambaci Isra'ila yana kan wani dutse da ya haura mita uku a tsawo, wanda Fir'auna Marnafta ɗan Ramsis na Biyu ya sa aka sassaƙa wajen shekara ta 1208 kafin Miladiyya. Wani Bature ɗan Ingila, Flinders Petrie, ya tono shi a kusa da Luksor a 1896, yanzu yana gidan tarihi a Alƙahira. Kirari ne na sarki, yawancinsa a kan yaƙin da ya yi da mutanen Libiya, sai can kusa da ƙarshe aka jero garuruwan Kan'ana da ya ce ya murƙushe, aka ce Isra'ila ta zama kufai, irinta ya ƙare. Abin lura yana cikin wata ƙaramar alama. Marubutan Masar sukan ɗora alama a ƙarshen suna domin a san ko birni ne ko ƙasa ko jama'a, to Askalan da Gezar sun sami alamar gari, ita kuwa Isra'ila aka zana mata namiji da mace a zaune da 'yan layuka uku a ƙarƙashinsu, alamar jama'a ke nan da ba a jingina ta ga wani birni ba. Fir'auna ya yi alfaharin ya shafe su, sai ga alfaharin nasa ya zama shaidar farko cewa suna nan.

Masu binciken kufai sun gano cewa a daidai wannan zamani ɗaruruwan ƙananan ƙauyuka sun tashi a kan duwatsun tsakiyar Kan'ana, na manoma da makiyayan tumaki da awaki, ba ganuwa ba fada, kuma a cikin jujinsu da ƙyar ake samun ƙashin alade, alhali a biranen Filistiyawa na bakin teku ana samunsa. Harshensu, Ibraniyanci, ɗan ɗaki ɗaya ne da harsunan maƙwabtansu na Kan'ana, kuma ɗan'uwan Larabci ne na kusa, domin inda Balarabe zai ce salam su shalom suke cewa, bait kuma bayit, yaum kuma yom.

Bayan rasuwar Annabi Sulaiman, wajen 930 kafin Miladiyya, masarautar ta rabu biyu. Ta arewa, mai ƙabilu goma, ita ta riƙe sunan Isra'ila, daga baya ta yi babban birninta a Samariya. Ta kudu ta ɗauki sunan Yahuda, hedikwatarta Ƙudus, kuma gidan Dawuda ne ke sarautarta. Maƙwabta sun san su a matsayin ƙasashe biyu. Dutsen Sarki Mesha na Mowab, da aka samu a Diban ta ƙasar Jodan a 1868, yana kukan yadda Omri sarkin Isra'ila ya danne ƙasarsa, wani gutsuren dutse kuma da aka tsinta a Tel Dan a 1993, an yi gini da shi a jikin wata katanga, yana ɗauke da kalmomin "gidan Dawuda".

Daga nan sai masifa ta zo sau biyu. Wajen 722 Assuriyawa suka ci Samariya, Sarki Sargon na Biyu ya rubuta cewa ya kwashe mutane fiye da dubu 27, ya kuma kawo baƙi daga wasu ƙasashe ya zaunar a wurinsu. Masarautar da ake kira Isra'ila ta ƙare a nan. Yahuda ta ƙara shekara kusan 135, har Nebukadnezzar na Babila, wanda littattafan Larabawa ke kira Bukhtanassar, ya ci Ƙudus a 597, ya dawo wajen 586 ya rushe birnin da Haikalin da Annabi Sulaiman ya gina, ya kora manyan gari da masu sana'a zuwa Iraƙi ta yau.

A ganina a wannan zaman baƙunci ne kalmar Bayahude ta sami ma'anar da muka sani, kuma mutanen Gombe sun fi kowa kusa da fahimtar yadda hakan ke faruwa. Bayan yaƙin Burmi da ke ƙasar Gombe a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'ar da ta tsira ta bi ɗansa Mai Wurno har bakin kogin Nilu a Sudan, suka kafa gari da sunansa, kuma jikokinsu suna can da harshensu da tunanin inda suka fito. Haka mutanen Yahuda suka yi. An samu allunan yumɓu kimanin ɗari biyu daga wani ƙauye a Babila da ake kira Al-Yahudu, wato Garin Yahuda, kamar dai a ce zangon Hausawa a Kumasi, mafi tsufansu na shekara ta 572 ne. Babu wa'azi a cikinsu, takardun hayar gona ne da bashin sha'ir da dabino da rabon gado, amma sunayen mutanen na Ibraniyanci ne har jikoki. A fadar Babila ma an tono lissafin ma'aji da ke nuna man da ake auna wa sarkin Yahuda da aka kamo, shi da 'ya'yansa biyar. Mutanen da ba su da sarauta, ba su da Haikali, ba su da ƙasa, sai suka riƙe abin da za a iya ɗauka a tafi da shi: Attaura, da Asabar, da kaciya, da dokokin abinci.

Da Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539 ya ba su izinin komawa, wasu suka koma suka sake gina Haikali, aka gama wajen 516, wasu kuma suka yi zamansu a Iraƙi, inda zuriyarsu ta kai har ƙarni na 20. Farisawa suka kira ɗan lardin da ke kewaye da Ƙudus Yehud, mutuminsa Yehudi, ko da asalinsa gidan Lawi ne ko Binyaminu. Daga nan Larabci ya sami Yahud, mu kuma muka ce Bayahude. Wasu malaman tafsiri sun danganta sunan da kalmar "hudna" ta cikin Suratul A'arafi, mai ma'anar tuba da komawa ga Allah, sai dai silsilar tarihi ta fi ƙarfafa sunan Yahuda ɗan Yakubu. Mai karatun Alƙur'ani zai lura da cewa Bani Isra'ila ake cewa idan ana labarin zamanin Annabi Musa da Fir'auna, kalmar al-Yahud kuwa a surorin Madina take zuwa, inda ake magana da mabiya wani addini da ke zaune a gari.

Ga abin da za ka kai wa majalisarku. A kan dutsen Gerizim kusa da Nablus, da kuma garin Holon, akwai wata jama'a da ba ta kai mutum dubu ba, Samariyawa. Suna cewa su zuriyar Yusufu da Lawi ne, suna da tasu Attaurar da tsohon rubutu, suna yanka ragunan Idin Ƙetarewa a kan dutsensu har yau, suna kiran kansu Bani Isra'ila, kuma ba su yarda a kira su Yahudawa ba. Da su kaɗai an rushe maganar dattijon da ta matashin a lokaci guda. Isra'ila ta uku kuwa, ƙasar da aka ayyana a 1948, ta ari tsohon sunan ne, kuma kusan ɗaya cikin biyar na masu riƙe da takardar zama 'yan ƙasarta Larabawa ne, Musulmi da Kirista da Duruz, wato mabiya wani addini na daban a yankin.

TAMBAYA: A coci mun karanta labarin ƙabilu goma da suka ɓace. Kakanninmu kuma sun ce daga Yemen muka taso. Wani ɗan'uwa Ibo ya ce su ma Isra'ilawa ne. Ko muna cikin waɗanda suka ɓace ɗin? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Kaltungo.

AMSA: 'Yar'uwa, kalmar ɓacewa ita ce ta jawo ruɗani, domin tana sa mutum ya zaci wani ayari ne ya shiga daji ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Littafin Sarakuna da kanku kuke karantawa ya faɗi inda aka kai su, wato yankin kogin Habor a Siriya ta yau da biranen Mediya a Iran. Dabarar Assuriyawa ita ce su warwatsa waɗanda suka ci da yaƙi a cikin wasu al'ummu har su narke, kuma hakan ta faru. Lissafin Sargon bai kai yawan mutanen ƙasar ba, saboda haka da yawa sun zauna a gonakinsu, daga cikinsu Samariyawa suka fito, wasu kuma suka gudu kudu, kuma masana da dama suna danganta saurin bunƙasar Ƙudus a ƙarshen wannan ƙarni da zuwansu.

Labarin fitowa daga gabas kuwa ba ku kaɗai ke da shi ba. Bolawa ma Yemen suke ambata, sarakunan Saifawa na Borno sun jingina kansu ga Saifu bin Zi Yazan, Hausawa suna da Bayajida daga Bagadaza, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya rubuta cewa Yarbawa daga zuriyar Kan'ana suke. Ban raina waɗannan labarai ba, suna adana tunanin ƙaura ta gaske, sau da yawa daga wajen tafkin Chadi, sai dai bayan zuwan littattafan addini kowace al'umma ta so ta sami mazauni a cikin taswirar da littafin ya zana. Kaciya da hadaya da ƙyamar wasu nau'o'in nama, waɗanda ake kafa hujja da su, al'adu ne da suka bazu a Afirka tun da daɗewa, ba su isa shaidar nasaba ba.

Akwai dai wata dangantaka ta gaske, kuma ta girmi Annabi Yakubu da dubban shekaru. Tangale da Bolanci da Hausa duk harsunan Chadi ne, reshe guda na babban dangin da Larabci da Ibraniyanci da tsohon harshen Masar suke ciki. Shi ya sa Bahaushe ke cewa gidanka da gidanki, Balarabe ya ce baituka da baituki, mu ce mutu su ce mata, Ibraniyanci ya ce mut. Harshen Ibo yana wani dangin daban. A Afirka ta kudu da hamadar Sahara, jama'ar da tarihinta na addinin Yahudanci ya tabbata tsawon ƙarnoni ita ce Beta Isra'ila ta Habasha, waɗanda aka kwashe fiye da dubu 14 daga cikinsu da jiragen sama cikin kwana biyu a 1991.

TAMBAYA: Malam, ina yawan ganin rubutu a Facebook cewa Yahudawan yau Turawa ne, jikokin wasu mutane da ake kira Khazar, ba su da alaƙa da Annabi Yakubu ko kaɗan. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibin jami'a, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Ɗana, Khazar ba ƙage ba ne. Daula ce ta masu jin wani harshe dangin Turkanci a tsakanin tekun Kasfiyan da Baƙin Teku, kuma marubutan Musulmi irin su Ibn Fadlan da Mas'udi sun ambaci cewa sarkinsu yana bin Yahudanci, Mas'udi ma ya ce a zamanin Haruna Rashid aka yi wannan sauyi. Daular ta rushe wajen 965 Miladiyya. Inda maganar ta karye shi ne wajen cewa daga gare su Yahudawan Turai suka fito. Akwai Yahudawa a birnin Rum tun kafin haihuwar Annabi Isa, wata dokar Sarki Kustantin ta shekarar 321 ta ambace su a Kolon ta Jamus, kuma al'ummar da ake kira Ashkenazi ta kafu ne a biranen bakin kogin Rayin kafin ta matsa gabas zuwa Folan. Harshensu na gida, Yidish, daga Jamusanci ya tsiro da gaurayen Ibraniyanci. Ban da haka, maganar Khazar ba ta taɓa Yahudawan Iraƙi da Yemen da Iran da Maroko ba, haka waɗanda aka kora daga Andalus a 1492 Daular Usmaniyya ta karɓe su.

Amma kada ka tsallaka zuwa ɗaya gefen ka ce jini ne tsantsa da bai gauraya ba, wannan ma ba haka yake ba. An shiga Yahudanci daga waje tun da can. A ƙarni na biyu kafin Miladiyya sarakunan Yahudawa na gidan Hasmoniyawa sun shigar da maƙwabtansu Edomawa cikinsa, daga cikinsu Sarki Hirudus ya fito. Gidan sarautar Adiyabin a arewacin Iraƙi ya karɓe shi a ƙarni na farko na Miladiyya. Sarakunan Himyar na Yemen ma haka, kuma na ƙarshensu, Zu Nuwas, shi ne ya kashe Kiristocin Najran wajen 523, abin da malaman tafsiri da yawa suke dangantawa da mutanen rami na Suratul Buruji. Bayan Rumawa sun rushe Haikali na biyu a shekara ta 70, suka kuma murƙushe tawayen Bar Kokhba a 135, malaman Yahudawa suka tsayar da ƙa'ida cewa Bayahude shi ne wanda Bayahudiya ta haifa ko wanda ya shiga addinin bisa sharuɗɗansa. Wannan ya saɓa wa yadda muke lissafin nasaba ta wajen uba, ko da yake su ma zama ɗan gidan Lawi ko na Haruna ta wajen uba ake gadonsa.

Binciken ƙwayoyin gado na shekarun nan ya nuna cewa yawancin al'ummun Yahudawa suna da kaso mai yawa na asali daga Gabas ta Tsakiya, gauraye da na mutanen da suka zauna a cikinsu, kuma a wajen Ashkenazi gaurayen ya fi zuwa daga kudancin Turai, musamman ta wajen iyaye mata. Irin wannan bincike ya nuna Falasɗinawa da Labanawa da Duruz suna ɗauke da gadon tsofaffin mazauna Kan'ana, abin da ba zai ba da mamaki ba, domin ba kowa aka kora ba, kuma da yawa daga waɗanda suka zauna sun zama Kirista, daga baya Musulmi. Ka dubi kanmu. A Gombe da Bauchi mutum nawa ne ke amsa sunan Bahaushe alhali kakansa Babole ne ko Bajari ko Babarbare? Ba a ce ƙarya yake yi ba, ba a kuma ce Hausawa babu su ba. Ra'ayina shi ne rikicin Falasɗinu magana ce ta ƙasa da haƙƙi da zalunci, a can ya kamata a yi muhawararsa, kuma wanda ya ɗora hujjarsa a kan Khazar ya ba abokin gardamarsa sanda ne.

TAMBAYA: Shin Yahudawa sun taɓa zuwa ƙasar Hausa kafin Turawa? Daga wani ɗan kasuwa, Azare.

AMSA: Alhaji, inda sawunsu ya fito sarai shi ne bakin hamada ta arewa. A Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, akwai tsohuwar al'ummar Yahudawa maƙeran zinariya da fatake, kuma Tuwat zango ce babba a hanyar ayarin da ke sauka Tambutu da Agadas da Kano. Wajen 1492 Shehu Muhammadu bin Abdulkarim al-Maghili ya yi fatawa a kansu, aka rushe majami'arsu a Tamantit, aka kashe wasu, sauran suka watse, ko da yake alƙalin Tuwat na lokacin ya saɓa masa. Shi ne Maghilin da ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha a kan mulki, ya kuma je wurin Askiya Muhammadu a Gawo. Hasan al-Wazzan, wanda ya ziyarci Tambutu a farkon ƙarni na 16, ya ba da labarin cewa sarkinta ya hana Yahudawa zama a birnin. Sai wajen 1860 wani malaminsu ɗan Maroko, Mordekai Abi Serur, ya sami izinin zama a can, ya yi shekaru yana fatauci tare da 'yan'uwansa.